Yadda Ake Ba Mai Sana'a Gudummawar Kayan Aiki a Tsibiran Tafkin Kainji

A cikin gari, idan sufana ta karye wa makaniki sai ya aiki yaro ya aro a maƙwabta, ko ya hau babur ya sayo wata. A tsibiri ba haka abin yake ba. Sufanar da ta karye tana nufin jiran ranar kasuwa, da kuɗin jirgi zuwa da dawowa, da yini guda a kan ruwa, injunan masunta kuma suna jingine a bakin gaɓa ba mai fita su. Saboda haka kayan aikin da ka ba mai sana'a a irin wannan wuri yana amfanar gari guda. Amma kuma duk kuskuren da ka yi wajen zaɓen kayan, ruwan nan da ya raba shi da kasuwa zai ninka masa shi.

Wannan bayani ya shafi tsibirai da ƙauyukan cikin ruwa na Tafkin Kainji da kogin Kwara a ƙasar Yauri da Borgu, tsakanin jihohin Kebbi da Neja. An kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye garuruwa da gonaki, aka tayar da mutane fiye da 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Har yau akwai Gungawa da Sarkawa da sauran masunta da ke zaune a tsibirai irin su Foge da gungunan da ke wajen Yelwa, wasu dindindin, wasu kuma gwargwadon cikar ruwa da janyewarsa. Rayuwarsu a kan jirgi take, jirgi kuma yana kan mutum biyu: kafintan da ya ƙera shi da makanikin da ke gyara injinsa. Su zan fi yin misali da su.

Da farko, wa za a ba?

Kada ka fara da kaya, fara da mutum. Wanda ya cancanta shi ne wanda yake kan sana'ar a yanzu, jama'a suna kai masa aiki, abin da ya tsaya masa kawai rashin kayan aiki ne. Wanda bai iya ba horo yake buƙata, wannan kuma wani aiki ne daban.

Ba za ka gane wannan daga nesa ba. Ka nemi mutum biyu ko uku da ba su haɗa komai ba, ka tambaye su daban-daban: direban jirgin da ke jigila zuwa tsibirin, mai sayar da kayan gyara a bakin ruwa, da wani dattijo a garin, limami ko Sarkin Ruwa. Direbobin jirgi sun fi kowa sanin makanikin da gyaransa ke ɗorewa, don su ne injin ke mutu wa a tsakiyar ruwa. Mai shago kuma ya san wanda ke biyan bashi. Idan sunan mutum ɗaya ya fito daga bakin dukkansu, to ka samu. Idan wanda ya haɗa ka da garin ya nace a kan ƙanensa ko surukinsa alhali sauran ba su ambace shi ba, ka ja da baya kaɗan.

Kafin ka taka garin, a sanar da mai gari ko hakimi. Ba izinin yin alheri kake nema ba, amma baƙon da ya sauka da akwatin ƙarfe ba tare da sanin shugabanni ba yana jawo wa wanda ya karɓa tambayoyin da ba zai iya amsawa ba, musamman a shekarun nan da tsaro ya taɓarɓare a dazuzzukan Borgu.

Zauna da shi ka ji daga bakinsa

Nan ne yawancin masu niyyar alheri ke tuntuɓe. Mutum yana zaune a Kano ko Abuja ko Landan, ya ga wata na'ura mai kyau, zuciyarsa ta ba shi cewa ita ce za ta fitar da bawan Allah daga wahala. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka je, ko ka aiki wanda ka amince da shi, a zauna a wurin aikinsa, ba a zauren mai gari ba.

Idan ka ce masa, "Baba, me kake so a kawo maka?" kunya za ta sa ya ce, "Duk abin da Allah ya hore, mun gode." Ko kuma ya ambaci babban abu don yana ganin dama ce da ba za ta dawo ba. Tambayoyin da ke fitar da gaskiya su ne irin waɗannan: "Malam, wane aiki ne ke zuwa maka kana mayar da shi don ba ka da abin yinsa?" "Wane kaya kake arowa, a wurin wa, kuma me kake ba shi?" "Wane aiki ne sai an tsallaka da shi Yelwa ko Warra ko Malale?" "Wanne daga cikin kayanka ne ya fi ba ka wahala?" Sannan ka roƙe shi ya baje kayan aikinsa a kan tabarma. Za ka ga sufanar da bakinta ya buɗe, da sukundireban da aka wasa har ya gajarce, da fulayar da aka ɗaure da roba. Ka ɗauki hoton kayan, da izininsa, ka rubuta lambar kowane ɗaya. Wannan hoto shi za ka riƙe a kasuwa.

Idan mace ce mai sana'ar, kamar mai bandar kifi ko tela, a bi ta hannun mijinta ko waliyyinta, kuma mace ce za ta fi dacewa ta zauna da ita. Sai dai a tabbata amsar daga bakinta ta fito, don abin da maigida ke ganin ana buƙata ba lalle ne ya zama abin da ke ƙona mata hannu ba.

Kada ka yi alƙawari a wannan zama. Ka ce za ka duba abin da ya sawwaƙa. Alƙawarin da aka yi a tsibiri kafin magariba ya zagaye gari, idan bai cika ba shi za a riƙa yi wa dariya, ba kai ba.

Tambayoyi uku kafin ka sayi komai

Ta farko: da me abin yake aiki? Madatsar Kainji tana ba ƙasa wuta, amma mafi yawan ƙauyukan da ke cikin tafkin ba su da ko turken lantarki. Duk na'urar da ke buƙatar wuta tana buƙatar janareta, janareta kuma yana shan fetur da ake tsallakowa da shi a jarka, a sayar da tsada fiye da na gidan mai. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan lissafi ya ƙara nauyi. Ƙaramin janaretan da ake kunna fitila da cajin waya ba zai tayar da injin walda ko injin fere katako ba. Idan ka ba shi na'urar da janaretansa ba zai ɗauka ba, ka ba shi abin ajiya ne. Kayan hannu masu inganci sun fi na lantarki amfani a nan, in ban da injin huda mai batir, wanda ke sauƙaƙa wa kafinta aiki ƙwarai, da sharaɗin a haɗa masa da batir biyu da hanyar caji ta sola.

Ga 'yan'uwa da ke aiko da kaya daga waje: wutar Najeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuma 120. Na'urar da aka yi don Amurka tana ƙonewa da zarar an jona ta a nan in ba da taransifoma ba. Kuma in ka haɗa kuɗin dako da na kwastan, sau da yawa gara ka turo kuɗin a saya a gida.

Ta biyu: idan wani abu ya lalace a jikinsa, ina za a samo madadinsa? Amsar da za ka karɓa ita ce kasuwar da jirgi ke zuwa, Yelwa ko New Bussa, in ta yi nisa Kwantagora. Idan sai Legas ko Anaca, ka bar shi. Wannan ne dalilin da ya sa keken ɗinki na ƙafa irin Butterfly ya fi wa telar tsibiri amfani a kan na zamani mai kwamfuta: allurarsa da bel ɗinsa da kwalbar mansa suna kowace kasuwa, kuma akwai wanda ya iya kwance shi.

Ta uku: hannunsa ya san shi? Dattijon da ya shekara talatin yana aiki da gizago ba zai koma wata na'ura don ka kawo ta ba. Zai gode maka, ya ajiye ta ƙarƙashin gado.

Abin da za a saya

Makanikin injin jirgi. Injunan da suka fi yawa a ruwan nan na Japan ne, musamman Yamaha mai ƙarfin doki 15 da 25 da 40, irin waɗanda ake gauraya wa fetur da mai. Kusoshinsu duka da milimita ake auna su, don haka sufanun da aka yi da inci ba su da amfani a wurinsa. Suna zamewa su cinye kan ƙusa. Lambobin da hannunsa ke kai wa kullum su ne 8 da 10 da 12 da 14 da 17, sai sufanar fulogi. Lamba 10 da 12 a sayo bibbiyu, don su ne ke faɗawa ruwa. A haɗa da soket da hannunsa, da sukundireba masu bakin gicciye da masu faɗi, da irin wanda ake buga wa guduma don kwance ƙusar da ta yi tsatsa, da fulaya mai dogon baki, da mai cire zoben ƙarfe, da guduma ta roba, da magagari, da bais, wato matsin ƙarfe mai riƙe abin da ake gyarawa, da za a kafa a kan benci.

Waɗannan su ne na yau da kullum. Amma abin da ke sauya masa matsayi shi ne kayan da ke hana a tsallaka da aiki. Na farko abin zare fulawil, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa a saman injin. Wanda ba shi da shi da guduma yake buga fulawil har ta fita, wani lokaci ya lalata kan sandar injin, gyaran ɗari ya koma na dubu. Na biyu gejin auna ƙarfin matsin fistin, wanda ke gaya masa ko ringi ya mutu ba tare da ya farke injin ba. Na uku ƙaramar mita mai auna wuta, don ya bambance matsalar koyil da ta fulogi maimakon ya sa masunci ya yi ta sayen kaya ana gwadawa. Idan akwai sauran kuɗi, a ƙara sufana mai auna ƙarfin ɗauri, saboda jikin injin na alminiyom ne, ɗauri ya wuce kima sai zaren ya tafi. A ganina waɗannan huɗu sun fi akwati guda na sufanu masu sheƙi daraja, in dai ya iya aiki da su ko akwai wanda zai nuna masa.

Kada a kawo kayan aiki tsirara. A haɗa da ɗan jarin kayan da ke ƙarewa: fulogi masu lambar da ke jikin tsofaffin da ya nuna maka, robar famfon ruwa, gaskit, igiyar tayar da inji, giris, man giya, da man gaurayawa na gaske. Robar famfon nan ƙarama ce, amma ita ke zagaya da ruwan da ke sanyaya injin, kuma yashi da ciyawar ruwa suna cinye ta da wuri; idan ta mutu direba bai lura ba, injin ne ke ƙonewa. Makanikin da ke da ita a akwati ya gama aikin cikin awa guda. Wanda ba shi da ita sai ranar kasuwa. Wannan ɗan jari shi zai juya ya sayo wani, daga nan sana'ar ta tsaya da ƙafarta.

Kafintan jirgi. Zarto mai kyau da magagarin wasa haƙoransa, gizago, gatari, kurfi manya da ƙanana, abin fere katako na hannu da bakinsa na canji, dutsen washi, abin huda, tef na awo, da matsai na ƙarfe masu riƙe katako, aƙalla huɗu, don lanƙwasa falankin jirgi ba aikin hannu biyu ba ne. A tambaye shi irin ƙusar da yake amfani da ita da abin da yake toshe tsakanin katako da shi, a sayo wannan ɗin dai. Ƙusa mai rufin da ke hana tsatsa ta fi tsada, amma jirgin fasinja da ƙusoshinsa suka ruɓe shi ne ke buɗewa a tsakiyar ruwa.

Mai bandar kifi. Abin da ya fi ci mata kuɗi shi ne ragar waya da itace. Murhun banda mai farantai da ake jerawa bisa juna, irin wanda aka fara yi a Chorkor ta ƙasar Ghana a 1969, yana ɗaukar kifi da yawa da itace kaɗan. Ana gina jikinsa da laka a wurin, abin da za ka kawo shi ne wayar da katakon farantan, sai wuƙaƙe da robobin wanki.

Abu ɗaya da zan ce a guje masa ko da an roƙa: raga mai ƙananan ido da dala, wato babbar ragar da ake ja zuwa gaɓa. Tun shekarun 1990 dokokin kamun kifi na Neja da Kebbi suka hana irin wannan kamu a tafkin, saboda yana kwashe 'ya'yan kifi tun ba su girma ba. Idan masunci kake son taimaka wa, ka tuntuɓi jami'an kamun kifi na jiha ko cibiyar binciken kifi ta tarayya da ke New Bussa a kan girman idon ragar da aka yarda da shi.

Kasafin kuɗi, da batun zakka

Kada kuɗin duka ya tafi a kan kayan. Yadda nake ba da shawara, a raba shi goma: kashi bakwai kayan aiki, kashi ɗaya da rabi kayan da ke ƙarewa, sauran kuma dako da jirgi da ɗan abin da za a riƙe don abin da zai taso bayan wata ɗaya ko biyu. Lalle wani abu zai taso. Idan kuɗin bai kai ba, a rage yawan kayan, kada a rage ingancinsu. Sufana biyar na ƙwarai sun fi ashirin da za su buɗe baki a ƙusar farko.

Idan karo-karo aka yi, mutum ɗaya ya riƙe kuɗi, wani daban ya riƙe lissafi, kowa ya ga rasit a ƙarshe.

Idan kuɗin zakka ne, akwai abin lura. Dole mai karɓa ya kasance cikin kashi takwas da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma dole abin ya zama mallakarsa, ba aro ba. Malamai sun yi saɓani a kan fitar da kaya a madadin kuɗi. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a mallaka masa kuɗin, shi kuma ya wakilta ka ka sayo masa abin da ya zaɓa, ko ku je kasuwar tare. Kuɗin mota da na jirgi a fitar da shi daga aljihu ko daga sadaka. Ka tambayi malaminka kafin ka fitar, ba bayan ka fitar ba.

Shiga kasuwa

Mafi kyau shi ne ka biya masa kuɗin jirgi ya same ka a kasuwa. Zai ɗaga sufana ya ji nauyinta, ya duba bakinta, ya ce wannan a'a. Ya san mai shagon da ke sayar da fulogin jabu. Kuma ta haka sai ya ƙulla hulɗa da mai shagon da zai riƙa aiko masa da kaya ta hannun direban jirgi nan gaba, wanda wannan ma riba ce babba. Abin da ba a samu a Yelwa ko Kwantagora ba sai a nema a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a Kano, ko Fanteka a Kaduna. Idan ba zai iya zuwa ba, ka ɗauki wani makaniki ya raka ka, kuna tura masa hoto yana amincewa.

Kayan hannu na biyu ba laifi ba ne. Tsohuwar sufana ta asali ta fi sabuwar jabu nesa ba kusa ba. Amma duk abin da ke da inji ko batir a gwada shi a gabanka. Batir kam sabo za a saya.

Ka karɓi rasit mai sunan shago da kwanan wata, a rubuta shi da sunan mai sana'ar, ba naka ba. Idan akwai janareta ko injin jirgi, a rubuta lambar jikinsa a kan rasit ɗin. Satar injin jirgi ba baƙon abu ba ne a bakin ruwa, kuma a shingayen bincike jami'an tsaro suna tsananta tambaya a kan batir da faifan sola da jarkar mai. Takarda ce za ta raba ka da su lafiya. Ka yi kwafi biyu, ka ɗauki hotonta a waya.

Sayo akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Danshin ruwa yana sa ƙarfe tsatsa cikin kwanaki. A shafe kowane kaya da mai, a naɗe shi da tsumma, a sa a leda mai kauri, sannan a cikin akwatin. Wasu suna sa a buga alamar mai shi a jikin kayan da ƙusa da guduma, saboda aro a ƙauye ba ya ƙarewa, alama kuma tana dawo da abu gida ba tare da faɗa ba.

Tsallaka ruwa

Babbar hanyar da ta taso daga Kwantagora zuwa Koko da Jega ta bi ta Yelwa; ta ɓangaren Borgu kuma ana shiga New Bussa daga Mokwa. Daga nan sai mashigar da ta fi kusa da tsibirin, ko Yelwa ce, ko Zamare da ke fuskantar Rofiya, ko Warra, ko Malale. Mutanen garin su za su gaya maka wacce, da ranar da jirginsu ke fitowa. Ka tambayi halin hanya a ranar da za ka tashi, ba na makon jiya ba.

Lokaci yana da muhimmanci. Tafkin yana cika daga ƙarshen damina, ya ci gaba da samun ruwan da ke gangarowa daga Gini da Mali a cikin hunturu, sannan ya yi ta janyewa har zuwa tsakiyar damina ta gaba. Idan ruwa ya yi ƙasa, kututturan itatuwan da tafkin ya binne suna matsowa kusa da sama, su ne ke fasa jirage. Farkon damina kuma akwai iska mai tayar da igiyar ruwa ba shiri, hunturu yana da hazo. A kowane lokaci dai, da safe ake tsallakawa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sa rigar da ke hana nutsewa. Ka zo da taka.

Jirgin ranar kasuwa ya fi araha, amma shi ne ake lodawa har ruwa ya kusa bakinsa. A watan Mayun 2021 wani jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse kusa da Warra, kaɗan ne suka tsira. Idan kayanka suna da nauyi, ka ɗauki shatar ƙaramin jirgi, ko ka raba su sawu biyu. A ajiye akwatin a tsakiyar jirgi, a ƙasa, a ɗora shi a kan katako don kada ya zauna cikin ruwan da ke taruwa, a rufe da tamfol. Faifan sola a tsaye ake ɗaukarsa, tsakanin kwali biyu. Ku gama ciniki da direba da 'yan dako kafin a ɗaga kaya. Kuma a tabbata mai sana'ar da yaransa suna jira a gaɓa, don wani lokaci jirgi ba ya isa tudu, sai an shiga ruwa da ƙafa.

Miƙawa

A yi shi a wurin aikinsa, a gaban shaidu biyu ko uku, ciki har da wakilin mai gari. A buɗe akwatin, a ƙirga kaya ɗaya bayan ɗaya da takarda a hannu. Sannan ka faɗa da bakinka kowa ya ji: "Malam, waɗannan kaya naka ne halak malak, ba aro ba ne, ba bashi ba ne, ba na gari ba ne." Wannan magana tana da amfani fiye da yadda ake zato. In ba a faɗe ta ba, gobe wani zai ce ai na jama'a ne aka damƙa masa, ko bayan ransa a rasa ko gado ne ko amana. A rubuta ta a takarda, da boko ko da ajami, shaidu su sa hannu, ya riƙe ɗaya ka riƙe ɗaya. Idan kuwa niyyarka kayan su zama na masu sana'ar garin gaba ɗaya, to wannan waƙafi ne, sai a faɗi haka ƙarara, a naɗa wanda zai kula, a bayyana wanda zai biya gyara.

Ba na son yawan sharuɗɗa. Wanda aka ce wa dole ya yi wa kowa aiki kyauta, an karya masa sana'a ne da sunan taimako. Iyakar abin da za ka iya roƙa shi ne ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu ya koya musu, kuma wannan ma roƙo ne.

Batun hoto: idan wasu ne suka ba da kuɗi, suna da haƙƙin ganin shaida. Hoton kayan da rasit ya wadatar. Ba sai an tsayar da magidanci a gaban 'ya'yansa yana riƙe da akwati ana cewa ya yi godiya a bidiyo ba. Aya ta 264 ta Suratul Baƙara ta yi kashedi a kan ɓata sadaka da gori da cutarwa, kuma abin da aka ɗora a Facebook ba ya gogewa.

Kada ka juya sai an gwada. A tayar da abin da ke tashi, a huda katako, a sa geji a injin wani masunci a ga allura ta motsa. Duk abin da ya ƙi, ka koma da shi a jirgin da ya kawo ka tun rasit yana da zafi. Idan akwai kayan da bai saba da su ba, wanda ya raka ka ya zauna da shi su yi aiki ɗaya tare daga farko har ƙarshe. Kuɗin yinin wannan mutum yana cikin kasafi.

Idan akwai wani mai irin sana'ar a garin, ka je ka gaishe shi kafin ka tafi, ko da da sufana biyu da kwalin fulogi. Gari ƙarami ne, kuma su biyun za su ci gaba da zama tare bayan jirginka ya tashi.

Bayan an dawo

Ka kira shi bayan mako biyu. Sabis ba ya samuwa ko'ina a cikin ruwa, don haka ka karɓi lambar direban jirgi ko ta mai shagon bakin ruwa da za a bar wa saƙo. Kada ka tambaye shi ko kayan suna da kyau, zai ce suna da kyau. Ka tambaye shi wanne ne bai taɓa ba tukuna, da wanne ya ba shi matsala, da abin da ya fara ƙarewa. A nan ɗan kuɗin da ka riƙe zai yi aiki: wata ƙila soket ɗaya ce ta rage, ko cajar batir ta ƙone.

Bayan wata uku ko huɗu, ka tambayi direbobin jirgi ko har yanzu suna tsallakawa da injunansu gyara. Amsarsu ta fi kowane rahoto.

Idan ka ji ya sayar da wani abu daga ciki, kada ka aika masa da faɗa. Kayansa ne, kai ka faɗa a gaban shaidu. Ka bincika dalili a hankali. In rashin lafiya ce ko abinci ya yanke, to buƙatar gidan ta fi ƙarfin kayan aiki, sai a duba ta wata hanya. In kuwa abin bai yi masa amfani ba ne ya musanya shi da wanda yake so, ka rubuta sunan abin da ya sayar da na wanda ya saya, ka cire na farkon daga jerin da za ka kai wa mai sana'a na gaba.